Dirkokin Rumfar Mairo

Malam Isyaku kafinta ba ya yarda da icen da bai soka wa ƙusa ba. Shekara arba'in ke nan yana aiki a Wudil, tun ranar da ya baro Indabo da zarto ɗaya a cikin buhu, kuma har yau ba a raba aljihun rigarsa da doguwar ƙusa. Idan aka kira shi aiki, kafin a gama gaisawa ya riga ya tsuguna a gindin ice yana dannawa. Masu sayar da katako ba sa murna da ganinsa. Matarsa Bilkisu takan ce ko tuwo ta ajiye masa, saura ƙiris ya soka masa ƙusa ya ji ko ya nuna.

Ga shi da gardama a kan aiki, ba ya jin kunyar gaya wa mai gida cewa an cuce shi a katako. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa yi wa musu ba, wato yayansa Sabo. Da mahaifinsu ya rasu, Sabo ne ya riƙe shi, ya kai shi koyon sana'a, ya yi masa aure. Har yanzu da furfura ta cika masa gemu, in Sabo na magana kansa a ƙasa yake.

Ƙanwarsu Mairo tana soya kifi a bakin kogi. Wurin gangara ne, don haka rabin rumfarta na kan tudu, rabin kuma dandamalin katako ne a kan dirkoki shida, ƙasansa duk manyan duwatsu da aka zuba don tare zaizaya. Daga dandamalin zuwa duwatsun ya fi tsayin mutum. A nan masu ciniki ke zama su ci tarwaɗa suna kallon ruwa. Katakon ya tsufa, ran nan ƙafar wani ɗalibin jami'a ta burma har gwiwa, sai Mairo ta aika a kira Isyaku ya sake shimfiɗar gaba ɗaya.

Kwana uku ya yi yana awo. Ya zana komai da fensir a bayan takardar buhun siminti: manyan katako biyu a kwance a kan dirkokin, ƙanana a gicciye a kansu, taku ɗaya da rabi tsakanin kowanne, duk a shafe su da baƙin mai kafin a buga. Sai a rana ta uku ya sauka ƙasa duba dirkokin, ya kuma san dalilin da ya sa yake ta jan ƙafa. Azara ce daga giginyar gonar mahaifinsu. Shekarar da mijin Mairo ya rasu ya bar ta da yara, Sabo ya sare giginyar, ya kawo azarar tun daga Indabo, ya kafa mata da hannunsa.

Daga sama azarar lafiya lau, ƙusa ma ta ƙi shiga. Isyaku ya tona gindin ta farko kamar taƙi ɗaya, sai wani wari na ruɓaɓɓen ice ya bugi hancinsa. Ya ɗora ƙusa ya danna da babban yatsa, ta shige har kanta kamar a cikin dafaffen rogo. Damina uku a jere kogi yana hawowa ya kwana a gindinsu. Huɗu cikin shida haka suke, wadda ta fi lalacewa kuwa ita ce ta kusurwa, ɓangaren ruwa. Ya daɗe a tsugune yana duban ramin.

"Sai an tumɓuke su, Mairo," ya ce mata. "A zuba kankare, a kafa sababbi a kai."

Mairo ta ajiye matsami. "Yaya Isyaku, wannan ai ba maganata ba ce. Ka bari Yaya Babba ya shigo kasuwa ranar Juma'a, ka gaya masa da bakinka."

Juma'a ta zo, Sabo ya iso da abokansa biyu 'yan kara, dillalan shanu. Ya saurara, sannan ya gangara ya bugi dirkar da sandarsa daidai ƙirji, ta yi ƙara tangaran.

"Ka ji ko? Azara ce, Isyaku. Yaushe ka taɓa jin gara ta ci azara?"

"Ba gara ba ce, Yaya. Ruwa ne, daga ƙasa. In ka duba gindin..."

"Ni zan tsuguna ka koya mini ice? Giginyar Baba ce, ni na kafa ta. Shimfiɗa aka ce ka sake, ka sake shimfiɗa."

Abokan suka yi dariya. Isyaku ya dubi ramin da ya tona, ya dubi ƙafafun yayansa, ya ce, "To, Yaya." Wallahi abin takaici, mutumin da ya taɓa mayar da mota guda ta katako saboda tsaga ɗaya!

Ya yi aikin, ya kuma yi shi da kyau, don hannunsa bai iya wani iri ba. A nan matsalar take. Sabon katakon ya fi tsohon nauyi, kuma da wurin ya yi kyau sai mutane suka ƙaru. Ya kafa tokara biyu a ɓoye kusa da dirkar kusurwa, amma Juma'ar da ta biyo Sabo ya gan su, ya ce wato an tashi nuna wa duniya aikinsa bai yi ba, ya tsaya a kai har aka cire. Isyaku ya roƙi Mairo kada ta bar fiye da mutum goma su hau. Ta ce to. Amma wa zai ƙirga kai ranar kasuwa, mai na tafasa, kowa na miƙo hannu?

Daga nan ne ya tsiri wata ɗabi'a. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya shiga ƙarƙashin dandamalin, ya zauna jikin dirkar kusurwa ya dafa ta. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Bilkisu ta yi faɗa har ta gaji. Mairo kaɗai ta gane ransa ya kai ya ajiye a ƙarƙashin, shi ya sa tun da ya fara zama a wurin take korar ciniki da kanta, tana ƙirga kawuna tana leƙen hularsa ta tsakanin katako.

Haka aka yi ta yi har damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yi ja, ruwa ya fara lasar duwatsun. Wata Juma'a bayan la'asar Sabo na sama da abokansa suna cin kifi, sai ga motar ɗalibai ta tsaya. Sun gama jarrabawa, sun fi su goma sha biyar, suka hau a guje suna ihu kafin Mairo ta buɗe baki. Isyaku ya ji takunsu a kansa, ƙasa na zubo masa a wuya. Ya dubi gindin dirkar, sai ya ga baƙin ruwa yana tsattsafowa daga cikin icen. Sannan ta motsa a tafin hannunsa.

"Sabo!" ya daka tsawa. "Sabo, ka sauke mutane! Azararka ta ruɓe!"

Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin ya kama sunan yayansa gatsal, balle a bainar jama'a. Ɗaliban suka sauka suna ture juna, 'yan kara suka bi bayansu, Mairo ta ja yaran da ke mata wanke-wanke zuwa kan tudu.

Sabo bai sauka ba. Isyaku ya ji ƙarar benci ana jan sa a hankali a kan katako, har ya tsaya daidai kusurwa, saman kansa.

"Tunda ka girma, fito ka sauke ni," in ji Sabo daga sama.

"Don girman Allah, Yaya, ka sauka."

"Fito, na ce."

Isyaku bai fita ba. Ya ture kujerar, ya hau kan wani dutse, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin babban katakon da ya aune ya buga da hannunsa. Mairo na tsaye a kan tudu tana kuka, tana kiran wannan tana kiran wancan, ba wanda ya amsa mata. Sabo ya gyara zama a kan benci, katakon ya sauko kan kafaɗar Isyaku da faɗin yatsa ɗaya.