Rumfar Taraktar Nu'uman

Ana sallame sallar asuba Nu'uman ya zari takalmansa, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya zagaya bayan gidansa a Zango, inda taraktarsa ke kwana cikin rumfar tamfol, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja, yana taka turakun da diddige.

Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa taraktar wasu kafin ya mallaki wannan tsohuwar. Bara ruwan farko ya same ta a fili, ya shiga injin, ta yi sati uku a kwance. Masu gonaki suka gaji da jira suka koma garmar shanu. Bana gona ashirin da biyu ke jiransa, kuma manomin da ka makarar sau biyu ba ya ƙara kiranka. Shi ya sa ya sayo rumfar a Kwangwalam, irin mai ƙarafan nan da ake harhaɗawa, a kwance ta a jefa a tirela in aiki ya kai shi Mashi.

Sai dai ya sa ƙofar rumfar ta kalli gabas, don can hanya take, ya huta da ribas.

Taubashinsa Kalilu ya leƙo ta kan katanga. "Direba, wa ka taɓa gani ya buɗe wa hadari ƙofa?"

"Kai da ko keke ba ka da shi, rabu da ni."

"Na rabu da kai. In ta tashi da kai, ka gaishe min da mutanen Daura."

Iska ta riga ruwa isowa. Ta afka ta ƙofar, tamfol ya kumbura, turakun gaba suka fice daga yashi. Ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe yana dukan gaban taraktar, bai fi taƙi ɗaya ba tsakaninsa da lagireto mai sanyaya injin. In ya huda shi, sai an je Kano, huɗar bana ta wuce ke nan.

Kalilu ya diro, ya rungumi igiya, iska tana jan sa a ƙasa. "Kawo dutse! Za ta tsaya!"

Nu'uman ya dubi ƙarfen, ya dubi rumfar da ko wata biyu ba ta yi ba. Ya zaro wuƙa.

"Sake ta, Kalilu."

"Ka haukace ne?"

"Na ce sake ta!"

Ya datse igiyoyin baya. Rumfar ta ɗaga gaba ɗaya, ta tsallake taraktar, ta yi yamma tana birgima cikin gonaki. Bai bi ta da kallo ba.

Ruwa ya ɓarke. Ya tuɓe rigarsa, ya haye taya, ya naɗe bakin salansar hayaƙin taraktar da ita don kada ruwa ya shiga injin, ya ɗaure da guntun igiya. Sannan ya kwanta rub da ciki a kan murfin injin, ya buɗe hannuwa, ruwan yana sauka a gadon bayansa.