Yadda Tallan Nono Ya Raba Ni Da 'Yata

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina jinjina kai, ban taɓa zaton wata rana nawa zan rubuto ba. A lokacin da abin ya faru ni matashiya ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, yarinya 'yar firamare. Muna haya a Tudun Wadar Zariya, ɗaki da falo. Da na fita takaba dangin mijina suka ce in ci gaba da riƙe ta muddin na kame kaina, kuma ban ji haushin sharaɗin ba don na san kaina. Sana'ata fura da nono. Wata Bafulatana ke kawo mini kindirmo da safe, in dama, in zuba a robobi in saka a firiji, ɗan acaɓa ya kai wa ma'aikata da ɗalibai a harabar jami'a ta Kongo. Ina da baki, wannan ba zan ɓoye ba, kuma bakin ne ya tara mini masu saye a shafina na sada zumunta, don kullum sai na yi tallan da zai sa mutum dariya kafin ya sa hannu a aljihu.

Wata safiya na rubuta talla kamar yadda na saba. Na ce nonon yau ya iso, mai kauri da sanyi, mai so ya same ni ta ciki, wato ta akwatin saƙo, ana kaiwa har gida. Kafin azahar an rufe shafin. Sai wani dogon saƙo da Turanci, ni kuwa Turancina na gaisuwa ne da karanta sunan magani. Raina ya ɓaci, ga fura a firiji, ga wuta ba tabbas. Ban tsaya na nemi mai karanta mini ba, na ɗauki hoton saƙon na ɗora a sitatus na wata manhajar da ba a rufe mini ba, har da rubuta cewa jama'a ku zo ku ga zalunci. Sai da yamma wata Hajiya mai aiki a Kongo, wadda ke saye a wurina, ta kira ni muryarta a ƙasa ta ce in yi maza in goge. Ta ce saƙon cewa yake an rufe ni saboda tallan batsa da neman maza. Ta bayyana mini cewa na'ura ce ke fara duba rubutun mutane, ta juya Hausa zuwa Turanci, kuma da alama ta ɗauki nonon saniya a matsayin na jikin mace, sauran maganar kuma ta hau kai daram. Da farko dariya na yi har da riƙe ciki. Na goge, amma mutane sun riga sun adana.

Akwai wani shafi da ke ikirarin gyaran tarbiyya, aikinsa tona asirin mata. Can hoton saƙon ya je, an haɗa shi da hotona na bikin wata ƙawa, an rubuta cewa ga mai fura ta Tudun Wada, Turawa ma da kansu sun kore ta saboda fitsara. Ba su faɗi sunana ba, amma sun faɗi layinmu da launin ƙofarmu. Da wayar Hajiya na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Babu ashar ko ɗaya. Wani ya ce irin wannan gaisuwa ya kamata a kai mata har gida. Wani ya ce unguwa na bukatar shara. Wani ya ce samarin layin suna ina, ko sun zama mata ne. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi. Ni da Hajiya da ƙawayenta muka yi ta kai ƙara ta wurin da aka tanada, amsa ɗaya ke dawowa, wai sun duba ba su ga abin da ya saɓa ƙa'ida ba. Na'urar da ta ga batsa a cikin kindirmo, da aka zo kan barazana ga raina sai ta ga gaisuwa da tsaftar muhalli.

Gaisuwar kuwa ta zo. Da la'asar wasu samari suka tsaya a ƙofar gida suna jifa suna kiran mai nono ta fito. Suka tare ɗan acaɓana suka zubar da robobin a kwata. 'Yata na dawowa daga Islamiyya ta tarar da su, wani maƙwabcinmu Inyamuri mai shagon kayan masarufi ya ja ta cikin shagonsa ya rufe har suka watse. A ranar na san tsoro.

Bayan kwana kaɗan wan mijina ya aiko in zo gidansa a Dutsen Abba da yarinyar. Na tarar da shi a zaure tare da wasu dattawa biyu na danginsu. Na durƙusa na gaishe su. Ya nuna mini wayarsa, ya tambaye ni ko gaskiya ne kamfanin ya rufe ni da wannan dalili, na ce gaskiya ne amma kuskure ne. Ya ce in faɗi kuskuren. Edita, a nan ne bakin nan nawa da ake yabo ya mutu. Bayanin duka a kan kalma ɗaya yake, kuma sai na ambaci ɗaya ma'anar tata, ta jikin mace, a gaban yayan mijina da sa'o'in mahaifina. Tun da aka kawo ni gidansu ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Na buɗe baki na ce Yaya, ai nono ne, sai na ji kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai ina ta murza bakin hijabi. Ɗaya dattijon ya yi gyaran murya ya kau da fuska. Shirun da na yi don girmama su, shi suka ɗauka amsa laifi.

Wan mijina bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba mu ce kin aikata ba. Amma yarinyar nan marainiya ce, sunan ɗan'uwana take ɗauke da shi, ba za ta tashi a gidan da ake jifa ba." Aka kira matarsa ta shiga da ita ciki. Na koma Tudun Wada ni kaɗai, ko kukan kirki ban iya yi ba sai da na ga takalmanta na makaranta a bakin ƙofa.

Daga baya Hajiya ta je da kanta ta yi wa matar wan mijina bayani, mace da mace, kuma na ji an ce ya gane. Sai dai ya ce magana ta riga ta fita, a bari ƙura ta lafa. Shafina ma an buɗe, da ɗan saƙon ban haƙuri layi biyu. Wancan rubutun da ya jawo mini jifa kuwa yana nan har yau, babu wanda ya taɓa shi.

Abin da na koya shi ne masu tsaron waɗannan shafuka ba sa jin Hausa yadda muke jin ta, ba su san inda muke wasa ba, ba su san inda muke kisa da murmushi ba. 'Yan'uwana mata masu sana'a a waya, kada fushi ya sa ku yaɗa saƙon da ba ku fahimta ba, ku nemi wanda kuka yarda da shi ya karanta muku tukuna. In kuma aka tsare ku a kan mutuncinku, ku faɗi maganar ko da nauyinta, Allah ya san ba rashin kunya ba ce. Masu tura hoton mace kuna cewa a kai mata gaisuwa, ku ji tsoron Allah, akwai yara a gidajen nan. Ni yanzu ranar Juma'a kawai nake ganin 'yata, a tsakar gidan mutane, da wata a zaune kusa da mu tana tsintar shinkafa. Zuwana na ƙarshe 'yar tawa ta rako ni bakin zaure, ta riƙe hijabina ta tambaye ni a hankali ko na daina abin da na yi ɗin, don ta dawo gida.