Turmin da Na Ƙera a Rusaifa

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ina walda a wata warsha a Rusaifa, nan Makka, inda muke ƙera manyan abubuwa na ƙarfe masu motsi, mu naɗe su da ƙananan fitilu, a jera su a lambu lokacin sanyi mutane su zo da iyalansu kallo. Bishiyar dabino, jirgin ruwa, butar gahawa mai zuba da kanta, duk mun yi.

Wata shekara mudir ɗinmu, wato shugaban warshar, ya ce in yi masa turmin daka gahawa irin na Larabawa, tsayin mutum biyu, taɓaryar na hawa tana sauka. Na duƙufa sati uku, sai da na ɗaga shi tsaye na ga ikon Allah, ashe turmin Hausa hannuna ya yi, da ƙugunsa da gindinsa, sak na Innata. Mudir ya zagaya shi ya ce halas, wato shi ke nan, babu lokaci, a bar shi haka.

To, Innata tana da turmi a gidanmu na unguwar Tandabawi, nan Makka, tsohuwarta ce ta taho da shi tun daga Sakkwato. Dakanta daban ne: bugu uku, ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe. Ni kuwa da samartaka kunya nake ji, maƙwabta na ce mana masu rusa bene. Ranar da na fara ɗaukar albashi na sayo mata injin niƙa, na kyautar da turmin lokacin ba ta gida. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ka kashe mini murya a gidan nan." Har ta rasu ban ba ta haƙuri ba, kuma abin yana cina har yau.

Ranar gwaji, bayan la'asar, rana tarwai, na kunna inji. Ni na haɗa shi, na san bugu ɗai-ɗai zai yi. Sai na ji dum, dum, dum, taɓaryar ta tsaya cak a sama, aka tafa. Tafi fa, na tafin hannu! Baba Usman mai haɗa mana wayar wuta, dattijo ne da iyayensa suka biyo ta Chadi, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wace ce ke daka?" Babu kowa sai mu biyu. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, don na yi kewarta, Allah ya sani.

Kwana uku ina kunna shi da sunan gyara, alhali sauraro nake. Mudir ya gaji, ya ce tsayawar nan matsala ce, taɓarya za ta iya faɗo wa mutane, ko in gyara yau ko a yanka shi a sayar da ƙarfen. Baba Usman ya ja ni gefe ya ce, "Ni dai da ni ne, ba zan taɓa ba."

Na buɗe injin, na duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Duk da haka na cire injin na sa sabo, don kada a yanka turmin. Na kunna: dum, dum, dum, dum, babu tsayawa, babu tafi. Na mayar da tsohon da sauri. Tafin bai dawo ba, daka kawai irin na ƙarfe.

Mutane sun yi ta ɗaukar hoto a gabansa duk sanyin nan, ni ma kullum ina gefe ina kasa kunne. Ban san mene ne ba, kada ku tambaye ni. Amma wanda tsohuwarsa ke raye, in tana wani ƙara a gida da ya dame shi, don Allah ya bar ta. Ni sau biyu na kashe wa tawa murya.