Tunkiyar da Ta Kai Ni Gidan Giya

A bangon shagona da ke Ras Al Khor, kusa da jadawalin lokutan sallah, akwai wata 'yar taswira da na manne. Ta koɗe, gefenta ya sha baƙin mai. Duk wanda ya zo sayen kayan gyaran mota ya tambaye ni ko ta garinmu ce, sai in ce a'a, ta wani ƙauye ce a Ingila, kuma a gidan giya aka ba ni ita. Daga nan sai in yi shiru in bar shi ya ɗan zare ido, domin ina jin daɗin wannan wurin.

Ni ɗan ƙauye ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Kafin in san injin mota, tumaki na sani. Na fara kiwo tun sandata ta fi ni tsawo. Shekara ashirin da 'yan kai a Dubai ba su goge mini wannan ba. 'Yata kuwa, wadda nake kira uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, a nan ta tashi, a hawa na tara a Al Nahda. Ba ta san tunkiya ba sai a faranti ranar babbar sallah.

Tun tana sakandare na gane tana jin kunyata. In na ɗauko ta a akori-kurata zuwa makaranta, da mun kusa sai ta ce, "Baba, khalas, ajiye ni nan, zan ƙarasa da ƙafa." Nan ɗin kuwa tafiyar minti biyar ce cikin ranar Dubai. Wata rana na ji tana gaya wa ƙawarta a waya cewa babanta harkar shigo da kaya yake yi. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi shagon ba, balle tumakin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ko uwarta ban taɓa gaya wa ba.

Ta tafi Ingila karatun haɗa magunguna. Da ta gama na je bikin yaye su ni kaɗai, uwarta ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Washegari wasu ƙawayenta biyu, Turawa, suka shirya a kai ni ganin ƙauye. Uwata ta kawo mini wandon jins da wata riga mai hula ta ce su ake sawa. Na yi godiya, na ninke su, na zura farin kaftanina na kafa hulata. Ta kalle ni sama da ƙasa.

Muka ajiye mota a gaban wani tsohon gida na dutse, furanni a kowace taga, da allo mai hoton doki yana lilo a sama. Gida ne kyakkyawa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Amma na hango mutane a benci da manyan kofuna masu kumfa.

Na ce, "Uwata, wannan ba gidan giya ba ne?"

Ta ce, "Baba, abinci ma suna sayarwa, har yara ana kawowa. A nan za mu ci in mun dawo."

Na ce, "Ko jarirai ake kawowa, ƙafata ba za ta taka ba. Ku ci, zan jira a mota."

Ɗaya ƙawar ta shiga ta karɓo taswirar hanyoyin yawo na ƙauyen, muka kama tafiya. Ni dai abin mamaki yake ba ni, mutum da ƙoshinsa ya bar mota ya tasa daji a gaba, ba kasuwa za shi ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Suka nuna mini wani coci da ya tsufa har gansakuka ta rufe rufinsa, da gadar dutse a kan korama, da injin niƙa wanda ruwa ke juya shi. Wannan injin ya tsayar da ni, na daɗe ina leƙen haƙoransa. Daga nan muka shiga wani burtali mai shinge hagu da dama, irin wanda nake kora tumaki ta ciki ina yaro. Ƙamshin ciyawa da kashin dabbobi ya buge ni, sai na ji ƙirjina ya buɗe.

Abin da ban gane ba, hanyar ta ratsa tsakiyar gonar mutum, a buɗe ƙyaure a shiga ba sallama. Ni kuwa duk wanda muka gamu da shi sai na tsaya na gaishe shi, na tambayi iyali da ɗan Turancina na kasuwa. Ina lura, duk gaisuwa ɗaya sai uwata ta ƙara taku biyar tsakanina da ita. Kafin mu kai gona ta uku, bayanta kawai nake gani.

A can ne na ji 'yan matan suna dariya, sun ɗaga wayoyi. Wata tunkiya ce kwance rigingine a wani ɗan kwari, ƙafafu huɗu a sama. Wai shan hantsi take yi. Ina kallonta sau ɗaya na san ba lafiya ba. Tunkiya ba ta kwanciya haka don jin daɗi. Gashinta ya yi tuli ba a aske ba, ruwan sama ya jiƙa shi ya yi nauyi, ta juye ta kasa tashi. Cikinta ya kumbura tim, ɗanta yana zagaya ta yana kuka, ga hankaka biyu a kan katanga suna jira. In aka bar ta haka, ba lallai ta kai la'asar ba.

Na tattare kaftani na nufe ta. Uwata ta biyo ni da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah kar ka taɓa! Ba tamu ba ce, za ka jawo mana magana."

Ban ko waiwaya ba. Na durƙusa cikin taɓo, na kama gashin haƙarƙarinta da ƙafar gaba, na mirgino ta a hankali. Ba a sakin irin wannan nan take, ƙafafun sun mutu, za ta sake kifewa. Na sa ta tsakanin gwiwoyina na riƙe, ina murza mata cinyoyi, ina yi mata irin maganar da nake yi wa na gidanmu. Ashe tunkiyar Ingila ma tana jin Hausa. Can sai ta yi wata doguwar gyatsa, ta yi fitsari, ta taka sau biyu tana tangaɗi, ɗanta ya ruga ya kama nono. Na miƙe, kaftanina ya tashi daga fari.

Sai na ce a kai ni wurin mai ita. A garinmu, wanda ya sa hannu a dabbar wani ba ya wucewa sai ya je ya faɗa da bakinsa, don in wani abu ya biyo baya a san inda aka kwana. Kuma wannan tana buƙatar aski da sa ido. Muka ƙwanƙwasa gidan gonar, wata tsohuwa ta ce maigidan ya tafi cin abinci. Ina? Gidan nan mai hoton doki.

Uwata ta ce, "Shi ke nan, sai ƙawata ta shiga ta faɗa masa."

Na ce, "Ita ta taɓa?"

Haka na shiga gidan giya a karo na farko a rayuwata, da taɓo har gwiwa, da sallamata a baki. Kowa ya juyo yana kallona. Aka nuna mini manomin, wani dattijo mai hannu kaushi-kaushi irin nawa. Na buɗe baki, sai na tarar Turancina duk na lambar kaya ne da farashi, babu tunkiya a ciki balle rigingine. Na juya. Uwata tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Wallahi na ɗauka a nan za ta tsaya, kuma na ji tsoron hakan fiye da idanun mutanen.

Sai ta tako ta tsaya a gefena, kafaɗarta na gogar kaftanin mai taɓo. Na faɗa mata magana uku ta fassara, amma ita ta yi fiye da goma, da murya sama yadda kowa zai ji. Abin da na tsinta a ciki shi ne, wannan babana ne, makiyayi ne tun yana yaro, kallo ɗaya ya yi mata ya gane. Dattijon ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Ya sa aka kawo mini shayi, na sha a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Ruwa-ruwa ne, ba citta ba kanumfari, amma na shanye. Ya karɓi taswirar ya zagaye gonarsa da biro, ya miƙo mini kafin ya fita duba tunkiyarsa.

Bayan wata huɗu ta dawo Dubai, ta sami aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Ranar farko ni na kai ta, a akori-kurar nan dai, ta ƙara tsufa ta ƙara ƙara. Muka kutsa cunkoson Al Nahda. Da na hango ginin daga nesa, hannuna da kansa ya kunna sigina, na fara gangarawa gefen titi yadda na saba.

Ta ce, "Baba, ina za ka? Yalla, har bakin ƙofa."

Na kai ta har bakin ƙofa, inda masu fararen riguna ke shiga. Ta sauka, ta zagayo ta tagata ta rusuna ta ce in sa mata albarka. Na sa. Daga nan zuwa Ras Al Khor, hanyar da na bi shekara ashirin, sau biyu ina wuce kwanar shagona.