Malam Abdulbaƙi da Sunayen Yara Ɗari da Arba'in da Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Nuwamba, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi Jumare, malamin kwamfuta na makarantarmu a nan Birnin Gwari. Ciwon ciki ne na kwana biyu. An ɗauko shi za a kai shi asibiti a Kaduna, motar ta tsaya a bakin daji tana jiran rakiyar jami'an tsaro, a nan rai ya yi halinsa.

Malam, ni ce Bara'atu mai buga takardu a ofishin shugaban makaranta, wadda kake tsokana da "Yaya mai tafireta". Ba ƙarya ka yi ba. A tafireta na koyi aiki, kuma hannuna ya ƙi mantawa. In zan jera sunan ɗalibi da garinsu da ranar haihuwarsa, sai in yi ta dukan dogon maɓallin nan na ƙasa har layi ya daidaita a idona. Wani wuri sau biyar, wani wuri sau tara, wani wuri kuma in tuna da shawararka in danna tab, maɓallin da ke ba da rata a bugu ɗaya. A ido, tsaf. Amma shafin rajistar jarrabawa ba ya karɓar fayil sai da tab ɗaya tak tsakanin bayani da bayani.

Duk shekara sai ya dawo mana da shi, duk shekara sai in kawo maka. Ba ka taɓa ɗaure mini fuska ba. Sai ka buɗe baƙin allon nan marar hoto, ka rubuta wa kwamfuta ɗan layin umarni guda mai farawa da kalmar sed, ka danna. Kafin in gyara mayafina, duk ratar da na cika fayil da ita ta koma tab ɗaya ɗaya, shafi ya karɓa. Sau nawa ka jawo mini kujera ka ce, "Yaya, zauna ki koya, ba ya kai minti goma." Ni kuma in ce, "Haba Malam, ai kana nan." Wallahi maganar nan ta fi komai ci mini rai yanzu.

Kai ne ka bi gida gida kana rubuta yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Gwaska da Kutemeshi, ka nace sai an sa su a jarrabawar bana. Da su da namu suka zama ɗari da arba'in da uku. Ni na buga sunayen, da irin bugun nawa. Ka ce ranar Litinin za ka gyara. Ranar Litinin kana kwance.

Jibi Juma'a za a rufe rajista. Sau shida na tura fayil ɗin, sau shida ya dawo. Na zauna ina goge rata da hannu, amma ba na iya bambance wadda tab ce da wadda bugun hannuna ce, duk fari ne a allo. In gyara layi goma, in ɓata uku. Mun kira wani masani a Kaduna, layin waya ya yi ta yankewa har muka haƙura.

Jiya na tuna ka taɓa nuna mini cewa maɓalli mai kibiyar sama yana dawo da abin da aka rubuta a baya. Na buɗe baƙin allon, na danna. Sai ga layukanka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kusan ashirin, kamanninsu ɗaya. Ban san wanne ne namu ba, kuma ka gargaɗe ni cewa kuskuren harafi ɗaya zai iya cakuɗa sunayen gaba ɗaya. Na ɗora yatsa a kan maɓalli, na kasa dannawa. Kuka kawai na yi.

Muslimat, yarinyar nan ta Gwaska da gudun hijira ya hana ta jarrabawa sau biyu, kullum da safe sai ta leƙo ta taga ta gaishe ni, ta ce, "Mama, sunana ya shiga?" Yau na ce mata tukuna. Gobe ban san abin da zan ce mata ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha kan yaran nan ta tarar da kai a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Azumi, da maiɗakinka Furera, da ƙanenka Salmanu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kujerar da kake jawo mini, yau kwana tara ina zaune a kanta. Ya Allah, Ka kawo wa yaran nan mafita kafin Juma'a, kada ƙin koyona ya ci musu shekara. Amin.