Garin Maganin da Inna ta Aiko

Shekarar da nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gida ɗaya muke haya a Lyon da wani Bafaranshe ɗan wasan tanis. Kada a ji na ce ɗan wasa a ɗauka irin na talabijin ne. Shi na ƙananan gasa ne, inda 'yan kallo ba sa cika benci biyu. Shi ke wanke kayansa, shi ke ɗaure igiyar raketinsa a kan teburin da muke cin abinci. Ya kusa shekara talatin, kuma da bakinsa ya faɗa mini cewa wannan shekarar ce ta ƙarshe, ko dai ya hau sama ko ya ajiye raketi.

Ban taɓa ganin mai tsoron abin sha kamarsa ba. Ko maganin tari ne sai ya duba sunansa a jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa. Nakan yi masa tsiya, in ce ko mai neman sarauta ba ya tsoron sammu haka.

Sai kafaɗarsa ta dama ta kama ciwo, har ɗaga kofi ya zama aiki. Na ba Inna labari a waya, cikin hira kawai. Ba a yi sati biyu ba sai ga ƙulli daga Maradi a hannun wata ɗaliba: garin magani ruwan ƙasa, daga wani mai magani na kasuwa, wai a sha da madara.

Abokina ya juya ledar a hannunsa, ya ce babu suna, babu takarda. Raina ya ɓaci. Na ce masa a wurinmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na tsohuwar da ba ta taɓa ganinsa ba amma ta taka har kasuwa dominsa. Saiwa ce da ganye. Ya ce to, ai ni ne masanin sinadarai, in na ce ba komai ya yarda. Ni da nake wuni ina auna ruwan masana'anta ɗigo-ɗigo, ban kai ko cokali ɗaya na garin nan wurin aiki ba. Wa zai auna abin da uwarsa ta aiko?

Cikin kwana uku ciwo ya tafi kamar an zare ƙaya. Na yi ta bugun ƙirji.

Da wata gasa ta zo a bayan garin Paris sai na raka shi. Ya ci wasa uku a jere, ya kai na kusa da na ƙarshe, wanda za a yi ranar Asabar da la'asar. Da safen na je gaida kawuna a gidan ma'aikata na Montreuil. Bayan mun gama gaisawa na ba shi labarin maganin, ina jiran yabo. Kawu ya ajiye kofin shayinsa.

“Ɗana, wane ganye ne ka tashin mutum cikin kwana ukku?” in ji shi. “Ƙwayoyin asibiti su kan daka su zuba ciki. Ni ma na sha irin shi, hal huskata ta kumbura. Kai da ka yi lakkwal, ka sha boko, mi ka karanta?”

A cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na duba agogo. Akwai sauran awa huɗu. In na faɗa wa abokina, zai iya janyewa ya je wurin likita da kansa. Amma na san masu gwajin fitsari ba kullum suke zuwa ƙananan gasa ba, sai na kama wannan na riƙe. Na same shi yana cin ayaba, yana juya kafaɗa yana dariya. Ya ce in gaida masa Inna. Na ce za ta ji.

Tun tsakiyar wasan na lura da wani mutum tsaye kusa da kujerar alƙali, da kati rataye a wuya da takardu a hannu. Ba ya tafi, ba ya bin ƙwallo da ido. Abokina kawai yake kallo. Na yi addu'a ya faɗi wasan, sai ya ci. Yana fitowa mutumin ya tare shi, suka nufi wani ɗaki tare. Ya ɗago mini hannu hankalinsa kwance, ya ce in jira shi minti goma.

Wasiƙar sakamakon gwajin fitsarinsa ta same mu a Lyon bayan 'yan makonni. An sami haramtaccen abu a jikinsa, an dakatar da shi. Na ɗauko ragowar garin na ajiye a gabansa, na faɗa masa abin da Kawu ya ce. Bai yi faɗa ba. Ya ce Inna ba ta da laifi, ni ma kuskure na yi, kowa na yi. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya tambaye ni yaushe na ga Kawun.

Da na yi ƙarya, da har yau muna gaisawa. Na ce, “Ranar Asabar ɗin, da safe.”

Sai ya tashi ya fara kwance injin ɗaure igiya daga kan teburin.