Jirgin da Aka Ce Nomau Ya Sace

Kakata ta wajen uba, Inna Kulu, sana'arta bandar kifi. Ƙauyenmu yana bakin gulbi ne, tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma in masunta suka fito daga ruwa da yamma, rabin abin da suka kamo a gidanta yake ƙarewa. Wutar banda ba ta son gaggawa. Sai an zauna mata, ana tura ƙirare kaɗan-kaɗan, ana juya tarwaɗa da ƙarfasa kada gefe ɗaya ya ƙone. Saboda haka da an ci tuwo, mu jikokinta mata sai mu zagaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, muna jiran kan kifin da ya gutsure ta miƙo mana. Har yau in na ji ƙanshin busasshen kifi a kasuwa, muryarta nake ji.

Ta iya tatsuniya ƙwarai. Hannunta na kan kifi, idonta na kan wuta, amma in ta kwaikwayi muryar kura sai ƙaramarmu ta ɓuya a bayan zanenta. "Ga ta nan tahe," take cewa, mu amsa, "Ta iso mu tarbe ta." A lokacin Turawa na nan, sai dai mu iyakar saninmu da su shi ne, in Bature zai zo rangadi ana share hanya, ana bi gida-gida ana tara ƙwai.

A dandali muna da wata waƙar gaɗa da muka taso muka tarar ana yi. Ɗaya ta shiga tsakiya, a tafa a tambaye ta, "Nomau, ina jirgi?" Ta ce, "Na kai shi Sakkwato." A ce, "Nomau, mi ka samo?" Ta ce, "Goro da sabon wando." Sai a bi ta da gudu ana ihun ɓarawo. Wata rana ni da Hajjo, 'yar baffana, muka shigo gida da waƙar a bakinmu, muka zauna gaban murhu muna ci gaba da tafawa.

Inna Kulu ta ajiye sandar da take juya kifi da ita.

"Wa yak koya muku wagga waƙa?"

Muka ce ai kowa yana yi.

"To ku zamna da kyau. Yau ba tatsuniya za ni yi muku ba. Nomau mutum na. Na san shi, na ci ƙwarya ɗaya da matatai."

Ta ce abin ya faru ne tana goyon ubana. Mijinta, kakanmu Jatau, wanda ba mu tarar da shi da rai ba, shi ke da jirgi mafi girma a yankin. Jirgin sassaƙa ne na gungumen maɗaci guda, da aka jawo daga kudu da wahala. Da damina in gulbi ya cika ya shafe fadama, da shi ake shiga tsakiyar ruwa a yi su. Ranar kasuwar Isa kuma da shi ake fiton mutane da taikunan gero. Ba gidan da bai ci albarkar jirgin nan ba.

Nomau baƙo ne. Daga Madarunfa ya zo, ƙasar Faransa, shi da matarsa Dije, a shekarun da kumandan Faransawa yake aiko sojoji suna kwasar maza zuwa aikin hanyar mota. Masunci ne ɗan masunci. Jatau ya ba shi bukka a bayan gida, suka riƙa shiga ruwa tare. Ba shi da yawan magana, in ya gaishe ka ya gama. Mutane suna yabonsa da cewa baƙon Jatau akwai kunya.

A tsakiyar damina aka kwana ana ruwa, gulbi ya kawo da ƙarfi. Da gari ya waye aka je mashaya, babu jirgi. Babu igiya, babu ma turken da ake ɗaure shi. Aka nemi Nomau, ba ya gari. Tun jiya da la'asar ya ɗauki kwandon kifi zuwa Turba, ruwan ya tsare shi can. Wani ya ce kamar ya ga mutum a bakin ruwa da magariba. Wani ya ce jirgi irin wannan in aka bi gulbi da shi zuwa Sakkwato, ba a rasa mai saye. Shirun da ake yabon Nomau da shi, kafin azahar ya zama shirun munafuki. Da ya dawo, taɓo har gwiwa, kwando babu komai, ya tarar da jama'a a ƙofar gidan Jatau.

"Kakanku shi yah hwara hurta kalmar," in ji Inna Kulu. "Da bakinai. Yac ce, 'Nomau, na ba ka wurin kwana, ka saka mini da sata.' Nomau yad dube shi, yac ce, 'Maigida, a duba ruwa.' Kakanku yac ce, 'Mun duba.' Ba su duba ba, ɗiyana. Bisa gaɓa sunka tsaya sunka leƙa, shi ke nan."

Mai gari bai so maganar ta kai gaban alƙali a Isa ba, don kada a tambaye shi dalilin da ya sa yake ɓoye mutumin Faransa a garinsa. Sai aka yanke cewa a mai da baƙo inda ya fito. Samari suka tasa shi gaba da sanduna, shi da Dije, yara na binsu da jifa. Dije ta bar tukunya a kan wuta, Inna Kulu ce ta je ta sauke ta. Kowa ya san abin da ke jiran Nomau a ƙetaren iyaka, kuma kowa ya koma gida ya ci tuwonsa.

Damina ta wuce a wahale. Babu jirgin fito, sai a ɗora kaya a kan gora a yi iyo da shi. Kaka ta wuce, ɗari ya wuce, rani ya shigo, gulbi ya tsinke ya bar gurabe nan da can. Ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe babban gurbin da ke ƙarƙashin mashaya don su na gari, maza suka faɗa ciki da homa da gora. Can sai wani ya nutsa, ya taso yana cewa ƙafarsa ta bugi itace. Ya sake nutsawa. Wannan karon ya daɗe. Da ya fito, sai ya dubi inda Jatau yake tsaye.

Ashe gaɓar ce ta zabtare. Ruwan daren nan ya ci ƙarƙashinta, ta rufta da turken, ta danne jirgin ta tura shi cikin zurfi, yashi ya bi ya rufe. Duk watannin nan yana kwance a wurin da mata ke ɗibar ruwa kullum.

Fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgin ya cika da yashi da laka, ya kafe kamar ya yi saiwa. Aka yi kwanaki, masu dogon numfashi suna nutsawa, suna tono da hannu da sakaina, suna fitowa ido jajur. Da suka buɗe kansa da gindinsa, suka zura igiyoyin rama ta ƙarƙashi suka ɗaure. Aka saro gumagumai aka jera su daga bakin ruwa zuwa tudu don jirgin ya bi ta kansu. Aka yi gayya, har daga ƙauyukan maƙwabta aka zo. Mata suka dama fura suka jera ƙore a inuwa. Makaɗi ya zo da gangarsa, domin ja irin wannan sai da kiɗa, hannuwa su tashi tare su faɗi tare.

Aka fara. Ganga na tashi, maza na ja, igiya na kuka, jirgin ya ƙi motsi. Aka sake shiga aka ƙara tono. Aka sake ja. Sai ruwa ya yi baƙi da laka, aka ji abu ya saki daga ƙasa. Kan jirgin ya ɓullo, gansakuka ta lulluɓe shi, aka yi kabbara. Amma a bayan kan sai ga tsohuwar igiyarsa tana biye, a ƙarshenta kuma ga turken, yana jan ƙasa. Ƙullin yana nan daram. Jatau yana da irin nasa ɗauri da kowa ya sani, ninki biyu da ɗan kunne a gefe. Shi ne a jikin turken. Ba hannun da ya taɓa shi tun yammacin da mai shi ya ɗaure.

"Makaɗi shi yah hwara gani," in ji Inna Kulu. "Sai yas sauke gangatai. Sauran aikin babu kiɗi anka yi shi. Ba ka jin komi sai nishi da ruwan da ke zuba daga jirgi. Waɗanda ad da igiya a hannu, su na sunka riƙe sanduna ran nan. Ba mai duban wani."

Da jirgin ya hau tudu, Jatau ya zauna cikin taɓo a gefensa ya kama kwance ƙullin. Igiyar ta kumbura, ta ƙi. Wani ya miƙo masa wuƙa, bai karɓa ba. Ya yi ta fama da farce da haƙori har yatsunsa suka yi jini, jama'a na tsaye, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Furar da aka dama, haka aka mai da ita gida.

Jirgin bai lalace ba, tsaga ɗaya ce a gefe. Aka cusa mata kaɗa, wato auduga, aka like da ƙaro, damina na zuwa ya koma ruwa. Amma Jatau bai ƙara sa ƙafa a cikinsa ba. Ya bar wa ƙanensa.

Kafin ruwan farko, Jatau ya bi fatake masu jakuna ya tafi Madarunfa. Ya sami Nomau da rai. Bai daɗe da komawa ba aka kama shi aka kai aikin hanya, dutse ya murƙushe masa hannun dama, aka sallamo shi. Ba ya iya jefa taru. Yana zaune a ƙofar gida yana ɗinke na wasu da hannun hagu, yana riƙe zare da haƙori. Da ya ga Jatau ya tashi ya shimfiɗa masa tabarma. Dije ta kawo ruwa, ta kawo tuwo da miyar kifi.

Jatau ya ce, "Nomau, maganar jirgin nan..."

Nomau ya ce, "Ina Kulu? Yaron ya hwara tahiya?"

Bayan an ci abinci Jatau ya sake ɗauko maganar. Nomau ya tambaye shi yadda gero ya yi bana a wajenmu. Haka suka yi ta yi har aka kwanta. Da safe Nomau ya raka shi bayan gari kamar yadda ake raka kowane baƙo. A nan Jatau ya kama hannun nan da ya shanye, ya ce, "An gane jirgin. Yana ƙarƙashin ruwa."

"Na ji," in ji Nomau. "Allah shi kiyaye hanya, maigida."

Inna Kulu ta tura ƙirare cikin wuta. Hajjo ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, to ya yahe mishi?"

"Kakanku da wagga tambaya yam mutu."

Ni kuma na ce, to don me ba a hana waƙar ba, tunda an san gaskiya? Ta ce yaran da suka yi jifa su suka ƙaga ta tun a daminar. Bayan an fito da jirgi manya suka ji kunyar hanawa, domin duk wanda ya hana sai ya faɗi dalili. Sai aka bar ta, ta yi ta wucewa daga baki zuwa baki har ta iso namu.

"Wagga ba ta da ƙurunƙus," ta ce. "Ku tashi ku kwanta."

Ina yarinya, na ɗauka Nomau mutumin kirki ne kawai, ya ga dattijo zai zubar da girmansa ya tare shi. Da na girma na yi aure a Sabon Birni, na ga yadda mutane ke zama da juna, sai na fara tunanin ko ba haka ba ne. Wanda ya zo neman gafara, sauke kaya ya zo yi. Nomau ya ba shi tabarma, ya ba shi tuwo, ya mai da shi gida da kayansa a ka. Yanzu da na tsufa ban ƙara damuwa da wanne ne ba. Ko wanne ne, yana da ikon yinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duba ruwa kawai ya roƙa. Gari guda na masu iyo, aka rasa wanda zai jiƙa wandonsa saboda baƙo.

Matan Madarunfa suna zuwa kasuwarmu da kifi da tabarmi, ina saye a wurinsu, muna raha. Wata rana wata tsohuwa a cikinsu ta ji sunan ƙauyenmu a bakina. Ta ɗago ta dube ni da kyau, ta ce iyayenta sun taɓa zama can tun ba a haife ta ba.

"Ke jikar wane gida ce?" ta tambaye ni.

Na buɗe baki, sunan Jatau ya zo har kan harshena. Sai na ji kaina ina faɗin sunan kakana na wajen uwa, wani manomi da bai taɓa shiga jirgi ba.

Ta ce, "Allah sarki, ban san shi ba." Ta ƙara mini kifi ɗaya gyara, na karɓa da hannu biyu.